Inna Jaratu da Zuciyar Haman Tela

Kafin masu tsire su hura gawayi, kafin teloli su ɗaga ƙofofin shagunansu, Inna Jaratu ta riga ta gangaro daga unguwar Ekoudou ta birnin Yawunde. A ƙasa take zuwa, ko da ruwa ya kwana yana zuba, jar laka na kama takalmi. Ba ta hawa benskin, wato babur ɗin haya, sai in ta makara, ita kuwa ba ta cika makara ba. A hanya tana gaisawa da kowa da harshen da ya fi sakewa da shi, wannan da Hausa, wancan da Fulatanci, mai gadin kantin magani da Faransanci. In ta iso ƙaramin asibitin da ke bayan layin masu atamfa a Briqueterie, sai ta ɗora farar riga bisa zanenta, ta share baranda da kanta, ta jera benci, ta fito da abin awon jini.

Duk wanda ya taɓa zama a wannan bencin ya san halinta. Ba ta ɗaura wa mutum abin awo da zarar ya zauna. Sai ta bar shi ya huce tukuna. Ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa, kuma ba irin tambayar da ake yi ana kallon wani wuri ba. Masu gaggawa kan ce, "Inna, tansiyo, hawan jinin nan, kawai na zo aunawa, na bar shago babu kowa." Ita kuwa ta ce, "Shagon ba zai gudu ba. Zauna. In na auna yanzu, hanyar da ka biyo zan auna, ba kai ba."

A ƙarshen wannan watan Inna Jaratu za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da 'yan kai tana jinya a wuri ɗaya. 'Yar Ngaoundéré ce, aure ya kawo ta Yawunde tana yarinya, mijin ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba, ba ta da lambar yabo a bango. Amma akwai gidaje a unguwar nan da har yau ake kiran wani "Baba" a cikinsu, da ikon Allah, ta sanadinta. Gidan Malam Haman tela na cikinsu.

Malam Haman dattijo ne mai ƙarancin magana, gwanin ɗinkin babbar riga. Tun da daɗewa aka gano yana da ciwon jijiyoyin zuciya, yana kuma shan maganinsa bisa ƙa'ida. Sai wani abu ya ɓullo masa wanda ya rasa kansa. Zai ɗauko ƙunshin yadi daga kasuwar Mokolo, ya hawo tudu da shi, ya iso shago babu abin da ya same shi sai haki. Amma yana zaune a kan keken ɗinki, ba ya ɗauke da komai, sai ƙirjinsa ya ɗaure kamar an aza masa turmi, zufa ta keto masa, hannun hagu ya yi nauyi. Wasu suka ce gyambon ciki ne. Wasu suka ce a nemi rubutu, wannan ba na asibiti ba ne. Shi kansa ya fara jin kunyar faɗa, don wa zai yarda mutum ya hau tudu lafiya, zama kuma ya kayar da shi?

Inna Jaratu ta yarda. Ta sa shi ya dawo ranar da Dokta Ngono ke zuwa. Dokta Ngono likitar zuciya ce daga babban asibiti, takan leƙo ƙaramin asibitin sau ɗaya a mako da na'urarta mai zana bugun zuciya a takarda. Ba ta jin Hausa, Malam Haman kuma Faransancinsa na ciniki ne, saboda haka Inna Jaratu ce bakinsu da kunnensu.

Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Zanen ya fito babu wani sabon abu. Likita na shirin cire wayoyin ke nan sai wayar hannunsa ta yi ƙara daga aljihun rigar da ya rataye. Inna Jaratu ta miƙo masa. Ya dubi lambar, ya ga ba ta Kamaru ba ce. Nan take fuskarsa ta canja, ya kasa danna wayar. Dokta Ngono, wadda idonta ke kan na'ura, ta ɗaga hannu ta ce kada kowa ya taɓa komai. Zanen da ke tafiya sumul ya sauya a gabansu.

Da aka amsa, ashe wani ne daga Chadi yake tambayar ko an gama masa rigarsa.

Bayan ya natsu, likita ta ja kujera ta yi bayani, Inna Jaratu na juyawa da Hausa a hankali. Ta ce, "Malam, zuciya tsoka ce, ita ma tana da nata jijiyoyin da ke shayar da ita jini. A irin ciwonka, kitse ya taru a bangon jijiyoyin nan, hanya ta ƙuntata. Idan mutum ya firgita, ko damuwa ta taso masa, jiki kan saki wasu sinadarai da ke sa zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. Zuciya na neman ƙarin jini ke nan. Ga mai lafiya, jijiyoyin sai su buɗe su ba ta. Ga mai ciwo, sau da yawa sai su ƙara tsukewa, har da ƙananan da ido ba ya gani. Buƙata ta ƙaru, abin da ke isowa ya ragu. Wannan shi ne nauyin da kake ji. Wasu ma ba sa jin komai, amma abin na faruwa a ciki."

Malam Haman ya tsura wa silin ido. Can ya ce, "Ashe ina zaune ina hawan tudu."

Likita ta gyara masa magani, ta ba shi 'yar ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso. Da za ta tafi ta ce wa Inna Jaratu, "Nawa na yi. Abin da ya sa shi tsoron wayar nan, ke za ki iya kai wa gare shi, ni ba zan iya ba."

Inna Jaratu ta san abin, kamar yadda duk unguwa ta sani. Rashidu, ɗan Malam Haman namiji tilo, ya bi wasu samari ya kama hanyar hamada, wai zai tsallaka teku ya nemi arziki. Da farko yakan bugo. Daga baya aka daina jin ɗuriyarsa, har damina ta zagayo ta sake zagayowa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda suka rabu. Wannan sai da ta yi ta zuwa shagon da la'asar, tana zama a bakin ƙofa kamar mai jiran ɗinki, kafin wata rana ya dakatar da keke ya faɗa mata.

"Hajiya, ranar da zai tafi ya durƙusa ya ce in sa masa albarka. Na juya masa baya. Na ce in ya fita, ya fita. Ina jin takunsa har ya kai bakin titi. Ban kira shi ba."

"Ka taɓa faɗa wa matarka, Yaya Tasalla, haka?"

"A gidan nan ba a kiran sunansa. Ita tana tsoron kada ciwona ya tashi, ni ina tsoron kada ta yi kuka. Kowa ya haɗiye nasa."

Inna Jaratu ba ta ce masa ya daina damuwa ba. Ta san wannan magana ce ta wanda abin bai shafa ba. Abin da ta yi ƙanana ne, ɗaya bayan ɗaya. Ta roƙi Fatiha, 'yarsa, ta riƙa amsa duk lambar da ba a sani ba, don kada kowace ƙara ta zama masa faɗuwar gaba. Ta koya masa jan numfashi a hankali yana sakewa a hankali, ta ce ya haɗa da tasbihinsa tunda carbi na hannunsa. Ta je wa Malam Nu'man, limamin masallacin layinsu kuma abokinsa tun ƙuruciya, ta ce ya riƙa jansa suna ɗan takawa bayan la'asar. Sannan ta shiga cikin gida, ta zauna da Tasalla a tabarma, ta kira sunan Rashidu da bakinta, a gaban mijin. Ranar an yi kuka a gidan, amma daga ranar aka koma yi masa addu'a a fili bayan kowace salla, da sunansa.

Ciwon bai tafi ba. Ya dai rage zuwa, ya rage ƙarfi. Malam Haman ya ɗan yi ƙiba, aka soma jin dariyarsa jefi-jefi.

Sai Sabiru ya dawo. Yana cikin samarin da suka tafi tare da Rashidu. Ya iso a rame, ya kasa tunkarar shagon, ya tari Fatiha a bakin famfo ya faɗa mata. Motarsu ce ta lalace a tsakiyar hamada. Rashidu yana fama da zazzaɓi tun kafin nan, bai kai lokacin da taimako ya zo ba.

Da hantsi Tasalla da Fatiha suka zo asibiti, suka ja Inna Jaratu ɗakin allura suka rufe ƙofa. Tasalla ta kama hannunta ta ce, "Hajiya, ki rufa mana asiri. Na rasa ɗa, kada in rasa uban. Mun yanke ba za mu faɗa masa ba. Ke ma kada ki nuna kin sani."

Inna Jaratu ta rungume ta, ta bar ta ta yi kukanta har ya lafa. Sannan ta ce, "Yaya Tasalla, dubi idonki. Mutumin nan tun kuna matasa yake karanta fuskarki. Kwana nawa za ki iya? Kuma Sabiru ya shigo unguwa, an gan shi. Gobe ko jibi wani zai tari Malam a ƙofar masallaci ya ce Allah Ya jiƙan Rashidu. Yana tsaye, cikin mutane, ba magani a aljihu, ba mota kusa. Wannan nake tsoro, ba labarin ba."

Fatiha ta ce, "Inna, in muka faɗa masa ya faɗi fa? Wa zai ɗauki wannan?"

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba, 'yata. Yana iya faɗuwa. Amma in zai faɗi, ya faɗi muna riƙe da shi. Kuma ɗansa ne. Yana da hakkin ya yi masa addu'ar da ta dace da inda yake."

Tasalla ce ta fara gyaɗa kai.

Inna Jaratu ta buga wa Dokta Ngono, suka tsara abin tare. Likita ta ce a bari sai da safe, bayan ya karya ya sha maganinsa, yana zaune, ƙwayar ƙarƙashin harshe na kusa. Ta ce ita za ta kasance a babban asibiti tana jira. Inna Jaratu ta nemi Gajere mai taksi ya tsaya a bakin lungu, ya kashe mota amma kada ya matsa. Ta aika wa Malam Nu'man. Ta je da kanta ta samu Sabiru, wanda ya ce shi ba zai iya haɗa ido da dattijon ba. Ta ce masa, "Kai ne ka gan shi ƙarshe. Duk abin da uban zai tambaya, a bakinka yake. In ba ka zo ba, zai ƙare rayuwarsa yana ƙirƙirar amsa, kuma abin da zai ƙirƙira ya fi gaskiyar muni."

Washegari suka taru a zauren gidan. Malam Haman ya fito, ya ga liman, ya ga Inna Jaratu da jakarta a gefe, ya ga Sabiru kansa a ƙasa. Ya zauna a hankali. Inna Jaratu ta matso ta aza yatsunta a wuyan hannunsa, bai hana ba.

Ya ce, "Sabiru, ka dawo."

"Na dawo, Baba."

"Kai kaɗai."

Malam Nu'man ya dafa gwiwarsa ya ce, "Haman, Mai abu Ya karɓi abinSa."

Malam Haman ya yi salati, ya maimaita innalillahi. Inna Jaratu tana jin jijiyar na gudu a ƙarƙashin yatsunta. Ta ce a hankali, "Ja numfashi, Malam. Saki. Muna nan." Ya ja, ya saki. Sannan ya dubi yaron.

"An yi masa salla?"

"An yi, Baba. Mu muka yi masa, muka sa shi a kabari da hannunmu, muka fuskantar da shi gabas."

"Ya ambace ni?"

Sabiru ya share ido. "Kullum. Rigar da ka ɗinka masa ta salla, bai yarda ya sayar ba ko da yunwa ta matsa mana. Ya ce in ya isa, da ita zai ɗauki hoto ya aiko maka. A cikinta muka rufe shi."

Nan dattijon ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka soma girgiza. Liman ya ce, "Yi, Haman. Hawaye rahama ne." Cikin kukan ya ɗaga hannu ya ce, "Na yafe masa. Allah Ka shaida na sa masa albarka."

Ciwon ya zo, kamar yadda aka zata. Ya dafe ƙirji, goshinsa ya jiƙe. Inna Jaratu ta sa masa ƙwayar a ƙarƙashin harshe, ta jingina shi da bango, tana duban fuskarsa. Da ta ga nauyin bai sake shi yadda ya kamata ba, ba ta tsaya jiran ikon Allah da hannu biyu a naɗe ba. Ta leƙa ta yafito Gajere. Kafin maƙwabta su ankara an kai shi babban asibiti, Dokta Ngono na bakin ƙofa. Ya yi 'yan kwanaki a kwance. Likita ta ce zuciyar ta jigata, amma an iso da wuri.

Da aka sallamo shi aka yi zaman makoki, Inna Jaratu ta kafa kujera a ƙofar zaure tana shigar da masu gaisuwa kaɗan-kaɗan. Wasu manya sun ji haushi an ce su jira. Ta ba su haƙuri, amma ba ta matsa daga ƙofar ba.

Malam Haman yana nan da ransa. Yana shan magani, yana zuwa awo, ciwon kan taɓa shi wani lokaci, musamman in salla ta matso. Ya koma kan kekensa. In aka kawo wa Inna Jaratu sabon mai ciwon ƙirji wanda ya ƙi buɗe baki, takan aika a kira shi, su zauna a baranda su biyu, ita ta ba su wuri.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya biyo ta hannunta ya tsira. Da aka tambaye ta wanda ta fi tunawa cikin shekarun nan, ba Malam Haman ta ambata ba. Ta ce Kulsum, wata mai sayar da abinci a bakin kasuwa, wadda nauyin gida duk ya koma kanta bayan mijinta ya kwanta ciwo. Ita ba ta taɓa cewa ƙirjinta na ciwo ba. Gajiya kawai take faɗa, da ƙarancin numfashi in rai ya ɓaci. An gano ciwon, an fara magani, amma ba ta samu wanda zai sauke mata ko da kwano ɗaya ba. Wata safiya ta zauna kusa da murhunta, ba ta tashi ba. Inna Jaratu ta ce, "Mata ba sa cewa ciwo, sai su ce gajiya. Tun daga kanta, in mace ta ce mini gajiya ce kawai, sai na sake tambaya."

Inna Jaratu, ke ce kika nuna mana cewa abin da baki ya ƙi faɗa, jijiya na ɗaukarsa. Ke ce ba ki taɓa raba mutum da maganin likita ba, ba ki kuma taɓa ɗauka cewa ƙwaya kaɗai ta isa ba. Kin shiga gidajen da ba aikinki ba ne ki shiga, kin zauna a tabarmin da babu wanda ya aike ki. Ruwan sanyi, mai kashe wuta ba da hayaniya ba. Mun ga ƙafarki ta kumbura da tsayuwa, mun ga kin yi jinyar wasu ranar da ke kanki kike buƙatar mai jinya, ba mu ce komai ba. Yau muna cewa: mun gode.

Saura mu da muka rage. Kusan kowane lungu a unguwar nan akwai dattijo ko dattijuwa mai ciwon zuciya. Kada mu jefa musu mugun labari daga bakin ƙofa, ko ta waya, kamar ana jifan kare. Kada kuma mu rufe su a cikin shiru muna cewa tausayi ne. Mu zauna, mu tambaya, mu jira amsa. Wanda aka ba magani ya sha, wanda ƙirjinsa ya ɗaure bai sake ba a kai shi asibiti nan take, ko da yana zaune abin ya same shi. 'Yan matanmu da samarinmu masu karatun jinya, ga hanya an share muku, ku bi.

Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Inna. Ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi wa iyayen wasu. Ranar da taki zuciyar za ta yi nauyi, Allah Ya kawo wanda zai ja kujera ya zauna kusa da ke.